Babbar mota a lokacin ɗari: abin da ke hana injin gazuwal tashi, da yadda ake ɗumama kabin ba da kaskon wuta ba

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, duk wanda ya taɓa kwana inda manyan motoci ke yada zango a Tanut ko Abalak ko Agadas ya san yadda asuba take. Demarar na gurnani, injin na tari yana ƙin kamawa, farin hayaƙi ya turnuƙe wurin, yaran mota na kai da kawowa da wayoyin haɗa batir. Can gefe wani ya hura wuta yana shirin tura ta ƙarƙashin mota. In ka tambayi dalili, amsar da ta fi yawa ita ce gazuwal ya daskare. Wani lokaci gaskiya ne, amma a ƙasarmu ba kasafai ba. Sau da yawa ɗari tona asirin abin da ya riga ya lalace yake yi: batir da zafin bazara ya cinye, man injin da ya yi kauri, bujin ɗumamawa da suka mutu, da kuma kayan da motar ta zo da su daga Turai makanike ya cire don a ganinsa ba su da amfani a ƙasa mai zafi.

Wane irin sanyi gare mu

Ya kamata a fara sanin girman matsalar. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, daren Janairu yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 16, wani lokaci ƙasa da haka in iskar hunturu ta yi ƙarfi. Jikin mutum na jin wannan sosai, amma ga lafiyayyen inji ba komai ba ne. Abin na canzawa ne in an nausa arewa. A Tenere da Kawar da Jado, da kan duwatsun Ayar inda tsaunin Bagazam ya haura mita 2,000, dare na iya kai digiri sifili ko ya ɗan gota ƙasa, ruwan da ya kwana a buta ya yi ƙanƙara. A Bilma an taɓa auna sanyin da ya wuce sifili. Haka abin yake ga mai bin hanyar Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasat, garin da ke kan tudu kusan mita 1,400. Ga shi kuma da rana zafi ya koma digiri 25 ko 30, wato cikin awa goma sha biyu ƙarfe ya sha sanyi ya sha zafi.

A ƙasashen da sanyi ya yi wa katutu lissafin daban ne. A Yakutiya ta ƙasar Rasha, inda ƙauyen Oimiyakon ya taɓa kai digiri 67 ƙasa da sifili, direbobi kan bar injin yana aiki dare da rana har su gama tafiya, domin in ya mutu a daji ba lallai ya sake tashi ba. A Kanada akwai wuraren ajiye motoci da aka jera wa soket na lantarki, mutum ya jona motarsa don ruwan injin ya kwana da ɗumi. Yawancin kamiyon da ke bin hanyoyinmu, Mercedes da Renault da DAF da MAN da suka shigo ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome bayan sun gama aiki a Turai, an ƙera su ne don su jure sanyin da ya fi namu nesa ba kusa ba. Motar da ta saba tashi a digiri 15 ƙasa da sifili a Jamus, in ta ƙi tashi a digiri 5 a Dirku, ba laifin Dirku ba ne.

Yadda injin gazuwal ke kama wuta

Injin isansi yana da buji mai tartsatsi da ke kunna mai. Injin gazuwal, wanda Rudolf Diesel ya fitar da na farko mai aiki a 1897, ba shi da wannan. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda, ya mayar da ita kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai lokacin ake fesa gazuwal, ya kama da kansa. Saboda haka duk abin da ya rage zafin nan yana hana tashi. In ƙarfen injin ya yi sanyi, yana shanye zafin iskar kafin mai ya iso. In injin na juyawa a hankali, iskar na samun lokacin sulalewa ta gefen zoben fistan. In kuwa injin ya tsufa, zoben sun ci, matsin dama bai cika ba. Farin hayaƙin da ake gani da asuba gazuwal ne da aka fesa bai ƙone ba. Yana gushewa in injin ya ɗumama. Wanda bai gushe ba, kuma ruwan radiyata na raguwa, wannan wata cuta ce, a duba kan injin.

Batir shi ne na farko da ya kamata a tuhuma. Ƙarfinsa daga haɗuwar sinadarai yake fitowa, sanyi kuwa na rage saurin haɗuwar. A digiri sifili batir na rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa, a digiri 18 ƙasa da sifili kusan rabi. Sabon batir na da rarar da za ta rufe wannan giɓi. Wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu sau biyu, ruwansa ya ƙafe, farantansa suka ci, ba shi da ita. A watan Oktoba yana tayar da mota lafiya lau, sai daren farko na ɗari ya kwanta. Batir mai volt 12 da ya huta ya kamata ya nuna wajen 12.6 a ma'auni. In ya sauko kusa da 12.0, ya fi rabi a zube. Manyan motoci batir biyu suke haɗawa su ba da volt 24, kuma ƙarfin biyun bai wuce na mai rauninsu ba. Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta jan waya daga batir guda don cajin salula ko kunna rediyo. Wannan na zuƙe ɗaya ya bar ɗaya, a ƙarshe duka biyun su lalace. Ƙaramin akwatin da ke mayar da 24 zuwa 12 ya fi batir araha. A kuma kankare farin garin da ke taruwa a kan kawunan batir, a ɗaure su tamau, a duba wayar da ke zuwa jikin shasi. Demarar kada a riƙe shi fiye da daƙiƙa 15 zuwa 20 a jere. A bar shi ya huce minti ɗaya ko biyu kafin a sake.

Na biyu man inji. Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. A 15W-40, lambar farko na nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyu yadda yake riƙe kaurinsa cikin zafi. Mai lamba ɗaya tak, 40 ko 50, wanda masu tsofaffin motoci ke so don yana rage shan mai da hayaƙi, da asubar ɗari kamar zuma yake zama. Demarar sai ya yi kokawa da shi kafin ya juya injin, sannan man ya daɗe bai kai saman injin da turbo ba, ƙarfe na gugar ƙarfe. Ga duk sanyin da ake yi a Nijar 15W-40 mai kyau ya wadatar. Mai niyyar arewa ya yi bidanj kafin ya tashi, domin tsohon mai da ya cika da baƙin toka ya fi sabo kauri.

Na uku kayan ɗumama iska. Ƙananan motocin gazuwal, irin Land Cruiser da Hilux da ke zirga-zirgar wuraren haƙar zinariya, suna da bujin ɗumamawa a kowace silinda, wanda bakinsa ke yin ja, ya kai digiri 850 ko fiye cikin daƙiƙoƙi. Shi ne fitilar nan mai kama da murɗaɗɗiyar waya da ke kamawa in an murɗa makulli. A jira ta mutu kafin a tayar. In sanyin ya yi yawa a maimaita sau biyu. Buji ɗaya ko biyu na iya mutuwa a shekara ba a sani ba, don da zafi injin na tashi ba tare da su ba. Manyan kamiyo da yawa ba su da buji a silinda. Wasu na da ragar lantarki a bututun shigar iska, wasu, musamman tsofaffin Mercedes da MAN, na da wata ƴar na'ura da ke ƙona ɗigon gazuwal a bakin bututun ta ɗumama iskar da harshen wuta. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, fis ne ya ƙone ko aka yanke waya tun shekarun baya.

Gazuwal da ruwan da ke cikinsa

Gazuwal na ɗauke da kakin farafin a narke. In ya yi sanyi, kakin na fara fitowa ƙanana-ƙanana, man ya yi hazo, sannan ya toshe filtar. Alamarsa ita ce injin ya tashi, ya yi ƴan mintoci, ya shaƙe ya mutu. Ƙasashen Turai na da ƙa'ida mai suna EN 590 da ta kasa gazuwal bisa sanyin da zai jure. A Faransa na bazara yana wuce filtar har digiri sifili, na hunturu har 15 ƙasa da sifili, akwai kuma na tsananin sanyi mai kai 20. Ƙasashe masu zafi ba sa canza gazuwal da sauyin yanayi, don haka motar da ta kwana a fili a digiri sifili tana bakin iyaka. A kudu wannan ba abin damuwa ba ne. Ga mai tsallaka hamada, akwai maganin da ake zubawa a tanki, amma sai an zuba shi tun man na da ɗumi, kafin dare. Bayan kakin ya fito ba ya narkar da shi. In abin ya riga ya faru, a zuba wa jikin filtar ruwan ɗumi, ko a jira hantsi, ko a sa sabon filtar. Wanda ba ya tafiya da filtar na ko-ta-kwana bai shirya ba.

Ruwa ya fi kaki yi mana ɓarna. Tankin da ya kwana rabi, iskar da ke cikinsa na yin raɓa a bango in dare ya yi sanyi, raɓar ta gangara ƙasa. Ga kuma man durom da na jarka da ake saye a bakin hanya, wanda ba a san inda ya kwana ba. Ruwan na taruwa a gindin filtar, a digiri sifili ya zama ƙanƙara ya toshe hanya, ko da babu sanyi kuma yana cin famfo da injekta. A cika tanki da yamma maimakon da safe, a buɗe ɗan famfon da ke ƙasan filtar a zubar da ruwan. Haka tankunan iskar birki, su ma suna tara ruwa, a riƙa jan zobensu ana fitar da shi.

Kalorista, wanda ake cirewa a jefar

Wannan ita ce babbar gardamar da ke tsakanin littafin masu ƙera mota da garejinmu, kuma a nan littafin ke da gaskiya. Kalorista ƙaramar ƙofa ce a hanyar ruwa tsakanin injin da radiyata. Muddin injin na da sanyi a rufe take, ruwa na zagayawa cikin injin kaɗai don ya yi saurin ɗumama. In ya kai wajen digiri 80 zuwa 88 sai ta buɗe, ruwan ya wuce radiyata. Aikinta ta tsayar da injin tsakanin 80 da 95, inda gazuwal ke ƙonewa sarai, mai ke gudu daidai, ƙarafa kuma suka buɗe gwargwadon yadda aka auna su.

Da mota ta sauka, abu na farko da makanikai da yawa ke yi shi ne su cire ta, su ce ta ƙasar sanyi ce. Dalilinsu ba shirme ba ne gaba ɗaya: tsohuwar kalorista na iya maƙalewa a rufe, injin ya tafasa a tsakiyar daji, kuma wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa. Amma maganin tsohuwa sabuwa ce. Injin da ba shi da kalorista a daren hunturu yana iya tafiya daga Damagaram har Agadas allurar zafi ba ta bar ƙasa ba. Direba na murna wai motarsa ba ta zafi, alhali gazuwal ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda, yana gangarawa ya tsinka man inji, zobe da silinda na ci, shan mai na ƙaruwa. A wasu injina ma cire ta na barin wata gajeriyar hanyar ruwa a buɗe, ruwan ya riƙa kauce wa radiyata, motar ta fi yin zafi da bazara. Sannan kabin ba zai taɓa ɗumi ba, domin shofaj ɗin mota ƙaramin radiyata ne da ke ɗebo zafi daga wannan ruwan. Direban da ke tuƙi cikin bargo da rawani yana rawar ɗari, sau da yawa kalorista ce babu, ko an toshe tiyo biyun da ke shiga kabin ranar da ƙaramin radiyatan ya fara yoyo. Gwada ta ba wuya: a jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa za a ga ta buɗe, in ya huce ta rufe.

Masu sa kwali a gaban radiyata wannan giɓin suke ƙoƙarin cikewa. A ƙasashen ƙanƙara akwai murfin da aka ɗinka don haka. A nan, in kalorista na aiki, ba a bukatarsa. Wanda ya sa kuwa kada ya rufe duka, don motoci masu turbo na da wani radiyatan na sanyaya iska a gaba, kuma ya tuna ya cire da hantsi. Kwalin da aka manta ya ƙona injin da yawa.

Ruwan radiyata shi ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya zalla na daskarewa a sifili, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ya isa ya tsaga radiyata. Wanda aka gauraya rabi da rabi da maganin daskarewa na jure har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, yana jinkirta tafasa, yana kuma hana tsatsa da farin dutsen da ruwan rijiya ke bari, wanda a wurinmu shi ne babban amfaninsa. Sai dai guba ne, ga shi da zaƙi. Kada a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai baki. Kuma matafiyin da mota ta mace masa a hamada kada ya ɗauki ruwan radiyata a matsayin guzuri, kofi guda na iya kashe ƙoda.

Dabarun tasha

Hura wuta ƙarƙashin injin tsohuwar dabara ce, kuma tana aiki, shi ya sa ba ta mutu ba. Tana ɗumama man inji ya saki. Amma ƙarƙashin kamiyo cike yake da maiƙo da tiyon roba da wayoyi da bututun iskar birki na leda, ga ɗigon gazuwal. A motar da ke ɗauke da isansi ko gas ko auduga ko buhunan gawayi, wannan caca ce da rai da dukiyar mutane. Ruwan zafi a buta, a zuba a jikin filtar da bututun shigar iska ana kauce wa wayoyi, ya fi aminci. Ajiye motar yadda bayanta ko gefenta zai tare iska, a lulluɓe gaban da tamfol bayan an kashe, shi ma yana rage wahalar safe.

Zuba isansi a tanki ya samo asali ne daga tsofaffin littattafan wasu motoci, da suka yarda a gauraya kaɗan cikin tsananin sanyi. Famfunan wancan zamani na jurewa. Injinan yanzu na tura gazuwal da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa sama da 2,000, kuma gazuwal ɗin ne kansa ke shafe famfo da injekta. Isansi na tsinka shi, famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi ko'ina. Kuɗin gyaran ya isa sayen batir goma.

Gwangwanin feshin tayar da inji, wanda sinadarin eta ne a ciki, yana kamawa da wuri fiye da gazuwal, da duka mai ƙarfi da ke iya karya zobe. Abin da ake cewa injin ya saba da shi, gaskiyarsa ita ce kowane feshi na ƙara rage matsin da dama ya yi ƙaranci. In motar na da buji ko ragar ɗumama iska, feshin na iya fashewa a cikin bututu, a fuskar mai fesawa. Turi ko gangara kuwa, a tuna birkin babbar mota da iska yake aiki, motar da ta kwana ba lallai tana da iskar tsayawa ba.

In injin ya kama, kada a taka totur don a ji daɗin ƙara. A bar shi minti uku zuwa biyar, man ya zagaya, iskar birki ta cika, sannan a tashi a hankali. Injin gazuwal a tsaye ba ya saurin ɗumi, sai yana jan kaya.

Kwana a kabin

A nan ne maganar ta bar ƙarfe ta koma kan rai. Direba da yaronsa sun sha shayi, garwashin furno bai mutu ba, iska na kaɗawa, sai a shigar da shi kabin a ɗaga gilasai. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri na fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya, jini ya kasa kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Kabin ɗaki ne da bai kai rabin ƙaramin shago ba, nan da nan take cika shi. Wanda ke farke yana jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiyar hanya. Wanda ke barci ba ya jin komai. Sauke gilashi ɗan yatsa biyu ba ya isa. Ƙaramin murhun gas hukuncinsa ɗaya. In aka tarar da mutum a wannan hali, a buɗe ƙofofi, a fito da shi sarari, a kwantar da shi ta gefe in ya suma, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo, don iskar oksijin yake bukata. Madara da manja ba su da aiki a nan. In mutum biyu da suka kwana wuri ɗaya suka tashi da ciwon kai iri ɗaya, a zargi iskar kafin a zargi sauro.

Barin injin ya kwana yana aiki ya fi gawayi, amma yana da tsada. Babban kamiyo a tsaye na shan wajen lita 2 zuwa 3 a awa, wato lita 20 zuwa 30 a dare guda, kowa ya lissafa da kuɗin lita a garinsa. Yana tara toka a injin, yana tsinka mai. In bututun hayaƙi ya huje a ƙarƙashin kabin, ko motoci sun jeru kusa da juna, hayaƙin na iya shigowa.

Abin da Turawa suka yi don wannan matsala yana nan a cikin motoci da yawa da ke hannunmu, a ƙarƙashin gadon direba ko bayan kujera, wasu masu motar ba su ma san mene ne ba. Ƙaramin shofaj ne mai cin gashin kansa, galibi na kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, yanzu kuma ga na China masu araha. Yana jan gazuwal daga tanki da ɗan famfo mai ƙarar agogo, ya ƙona shi a rufaffen akwati, hayaƙin ya fita waje ta nasa bututun, fanka kuma ta hura iskar kabin ta jikin akwatin. Mai ƙarfin kilowat 2 bai fi rubu'in lita yake sha a awa ba, dare guda lita 2 da rabi ke nan ko ƙasa. Akwai wani irin da ruwan injin yake ɗumamawa, da safe a tarar da injin da kabin duk da ɗumi. Abin da ke kashe su a nan zama ne da ƙura. Masu ƙera su na cewa a kunna su ƴan mintoci kowane wata ko da bazara ne, mu kuwa sai su shekara biyar ba a taɓa su ba. Kafin a farfaɗo da tsoho, mai gyara ya duba akwatin ƙonawar bai tsage ba, domin kamfanin na ba da shawarar canza shi bayan shekara 10, ya kuma tabbatar bututun hayaƙinsa na fita nesa da inda iska ke shiga kabin. Kada a tare bakinsa da bargo ko kaya. A kashe shi da maɓallinsa a bar fanka ta gama hucewa, ba a cire kan batir ba. A gidan mai da wurin lodin tanka a kashe yake zama. Yana cin batir kaɗan, don haka mai raunin batir zai sayi ɗumin dare da wahalar safe.

Wanda motarsa ba ta da shi, tsohuwar hanya na nan. Labule ko kwali a jikin gilasai daga ciki, tun da ta nan ɗumi ya fi gudu. Tabarma ko katifa a ƙasa, bargo biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri, hula da safa, da jarkar ruwan zafi da aka naɗe a tsumma aka sa wajen ƙafa. Yaron mota, wanda a al'ada shi ke kwana a kan kaya ko a ƙarƙashin tirela yana gadi, shi ya fi kowa shan ɗarin, kuma shi ne yakan jawo garwashi cikin tamfol ya rufe kansa. Tamfol da aka ja har ƙasa ba shi da bambanci da kabin da aka ɗaga wa gilasai. In akwai wuri a kabin a ba shi, in babu a saya masa bargo tun daga Agadas.